Gaban hoto da bayansa: hotunan finafinan yara na Our Gang (1922-1944) a matsayin shaidar tarihi

Wannan maƙala ta shafi wani irin kaya da masu tara tsofaffin abubuwa suke saye da sayarwa a Amurka: hotuna, katunan talla da sauran tarkacen da gajerun finafinan ban dariya na yara suka bari. Mun zaɓi jerin da aka fi sani, wato Our Gang, wanda masu jin Faransanci suka sani da sunan Les Petites Canailles. Tambayarmu guda ce: in an ɗauki ɗaya daga cikin waɗannan hotuna a matsayin shaida, me yake iya shaidawa, kuma ina shaidarsa ta tsaya?

Hal Roach ne ya ƙirƙiro jerin a 1922 a ɗakin shirya finafinansa da ke Culver City, a jihar Kalifoniya. Kamfanin Pathé Exchange, wanda asalinsa reshe ne na gidan Pathé na Faransa, shi ya riƙa rarraba finafinan har 1927, sa'an nan MGM ya karɓa. Sauti ya shigo a 1929. A 1938 Roach ya sayar wa MGM jerin baki ɗaya, aka ci gaba har 1944. Jimilla gajerun finafinai 220 ke nan, da dogo guda ɗaya, General Spanky, na 1936. Da yake yara girma suke yi, kowace ƴan shekaru sai an sauya ƴan wasa, kuma wannan ya sa fuskokin da ke cikin hoto su ne abu na farko da ake kimanta shekararsa da shi.

Ya kamata mu fara da fayyace abin da ake kira hoton fim, domin a nan ne kuskure ya fi yawa. Ba a yanko shi daga faifan fim ɗin ba. Wani mai hoto ne daban, ma'aikacin kamfani, yake jira a gama ɗaukar wani sashe, ya sake jera yaran, ya gyara musu tsayuwa, ya ɗauka da babbar kyamara. Ana wanke shi a takarda mai kimanin santimita 20 da 25, da lamba a gefe wadda ke nuna fim ɗin da ya fito daga ciki. Katunan da ake kafewa a zauren gidan sinima sun fi girma, kimanin 28 da 36. A bayan hoton kuma sashen talla yakan manna ƴar takarda da aka buga da tafireta, mai ɗauke da bayanin da ake so jaridu su kwafa. Ke nan hoton yana nuna abin da kamfani ya so a gani, ba lalle abin da ɗan kallo ya gani a allo ba. Duk da haka, wani lokaci shi kaɗai gare mu. Faifan wancan zamani na sinadarin nitarat ne, mai ruɓewa da kama wuta, kuma wasu finafinan marasa sauti, irin su Yale vs. Harvard na 1927 da Edison, Marconi & Co. na 1928, ana lissafa su cikin waɗanda suka ɓata. Wanda ke son sanin su sai ya koma ga hotuna da takardun talla.

Abin da ya fi ɗaukar ido a gaban hotunan shi ne cuɗanya. Yara baƙar fata da farar fata suna zaune a benci ɗaya, a aji ɗaya, a lokacin da dokokin jihohin kudancin Amurka suka raba makarantu bisa launin fata, rabon da Kotun Ƙoli ba ta haramta ba sai a 1954. Ernie Morrison, wanda ake kira Sunshine Sammy, yana cikin ƴan wasan farko, kuma Roach ya ɗauke shi kwantaragi tun 1919. Allen Hoskins, wato Farina, ya fito a finafinai 105 tsakanin 1922 da 1931, fiye da kowane yaro a tarihin jerin. Kada a raina wannan. A 1947, da Roach ya yi ƙoƙarin farfaɗo da salon a wani fim mai suna Curley, hukumar tace finafinai ta birnin Memphis ta hana nuna shi, saboda ya nuna yaran launi biyu a makaranta ɗaya.

Amma in aka juya hoton aka karanta sunayen, sai labarin ya sauya launi. Farina suna ne na wani farin garin alkama da ake dama wa yara; tushensa Latin ne, ɗaya da kalmar farine ta Faransanci. (Kunnen Bahaushe zai ji kamar akwai "fari" a ciki. Dace ne kawai, ko da yake barkwancin da aka nufa bai yi nisa da haka ba: a laƙaba wa baƙin yaro sunan farin abinci.) Billie Thomas, wanda ya shiga a 1934, an ba shi sunan wani hatsi, Buckwheat. Za a iya ce mana ai Carl Switzer ma, farin yaro, sunan ciyawa ya samu, Alfalfa. Gaskiya ne, laƙabi al'adar jerin ce gaba ɗaya. Sai dai Alfalfa tun ranar farko an san shi namiji ne mai son waƙa da neman ƴan mata, alhali Farina an yi masa ƙananan kitso da ƙyallaye, an sa masa riga wadda ba a gane ta mace ce ko ta namiji, har ƴan kallo suka daɗe suna ɗaukarsa yarinya. Buckwheat ma a matsayin yarinya aka fara shi. Wannan siffa ba Roach ya ƙago ta ba. Tsohuwar siffar ɗan baƙar fata ce ta wasannin dandamali na ƙarni na 19, kuma sunanta ma shi ne taken wani gajeren fim da Morrison ya yi wa Roach a 1921, The Pickaninny. Duk wanda ya taɓa nazarin katunan gidan waya na zamanin mulkin mallaka, irin na Fortier na Dakar, ya san wannan aiki: mutum ne a gaba, amma rubutun da ke ƙasa ya mai da shi samfurin wata ƙabila.

Ga mai nazarin harshe, wurin da ya fi amfani shi ne rubutattun allunan magana na finafinai marasa sauti, waɗanda H. M. Walker ya rubuta mafi yawansu. A fim marar sauti yaro ba shi da murya sai wadda marubuci ya ba shi, kuma muryar da aka ba Farina ta bi ƙa'idar rubutun waɗancan wasannin dandamali, inda ake karya haruffa don a nuna mai magana jahili ne. Irin wannan rubutu ba ya gaya mana yadda Hoskins yake furuci. Yana gaya mana yadda marubuci ya so a ji shi. Da sauti ya zo, abin ya ɗan kuɓuce daga hannun marubuci. Matthew Beard, wato Stymie, mai hular nan da aka ce Stan Laurel ne ya ba shi, ya fito tsakanin 1930 da 1935, kuma a ganinmu shi ne mafi kaifin baki a duk jerin. Hoto ba ya ɗaukar wannan. A hoto, yaro ne mai aski ƙwal da hular da ta fi kansa.

Akwai kuma wani abu na 1930 da hotuna ke rufewa. Kafin a ƙware wajen ɗora murya, Roach yakan sake ɗaukar wasu finafinan da Sifaniyanci, wasu da Faransanci ko Jamusanci, yaran suna haddace sautin kalmomin da ba su san ma'anarsu ba. Fuskoki ɗaya, tufafi ɗaya, wuri ɗaya. Hoton ba zai faɗa muku da wane harshe ake magana ba.

Rayuwa ta biyu ta jerin ta soma a 1955, da aka kai finafinan Roach masu sauti talabijin. Da yake sunan Our Gang na hannun MGM, sai aka nuna su da sunan The Little Rascals. Wannan ma'auni ne mai sauƙi ga mai bincike: abin wasa ko kati mai ɗauke da sabon sunan a matsayin sunan jerin ba na zamanin ɗaukar finafinan ba ne, komai tsufan da ya nuna. A 1971 kamfanin King World, mai haƙƙin nunawa a lokacin, ya yanke sassan da ake ganin cin fuska ne ga baƙar fata, ya janye wasu finafinan ɗungurungum. Hotunan ba wanda ya yanke su, don haka suka riƙe abin da allo ya daina nunawa. Ƴan wasan kuwa ba su samu kaso daga kuɗin talabijin ba, kuma waɗanda suka yi tsawon rai daga cikinsu sun riƙa sa hannu a tsofaffin hotuna a tarukan masoya. A nan ma sai an yi lissafi. An haifi George McFarland, wato Spanky, a 1928, ya fara fitowa a 1932. Sa hannu mai kyau a hotonsa na wannan shekara ko dai na wani babba ne a ofishin talla, ko kuma nasa ne bayan shekaru masu yawa.

Kayan tunawa na baya-bayan nan ma suna gyara tarihi yadda suka ga dama. Kalmar "otay", wato gurɓataccen furucin "okay", wadda ake bugawa a riguna tare da fuskar Buckwheat, asalinta a bakin abokinsa farar fata take, Eugene Lee, wanda ake kira Porky. Kwaikwayon da Eddie Murphy ya riƙa yi a shirin Saturday Night Live daga 1981 shi ya liƙa ta ga Buckwheat. Gurɓataccen furucin ƙaramin yaro ya tashi daga farin ya koma kan baƙin, kuma jama'a suka karɓa ba gardama, domin a can suke tsammanin jin sa.

Billie Thomas bai ga wannan ba. Ya bar wasa, ya yi aikin soja, ya yi shekaru yana aiki a ɗakin wanke finafinai na Technicolor, ya rasu a Oktoban 1980, watanni kaɗan bayan Hoskins. A Oktoban 1990 shirin 20/20 na tashar ABC ya gabatar da wani dattijo, ma'aikacin kanti a jihar Arizona, a matsayin Buckwheat, an haɗa hirar da hotunan yaron na da. Iyalan Thomas da McFarland suka ƙaryata, tashar ta nemi gafara, wanda ya shirya rahoton ya ajiye aiki.