Yadda Bayanan Lafiya Suka Samu Adireshi a Karkarar Arewacin Kano

Isar da bayanin lafiya yana buƙatar a san mutumin da bayanin ya shafa, a kuma san inda za a kai shi. Tun da Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta ƙaddamar da shirin mayar da bayanan marasa lafiya cikin kwamfuta a 2024, ake ta muhawara kan ko asibitocin karkara sun shirya. A ƙananan hukumomi irin su Ɗambatta, Makoɗa, Kunchi, Tsanyawa da Bichi, matsalar ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba.

A da, labarin ciwon mutum yana cikin kan wanzami, ungozoma da mai maganin gargajiya, waɗanda suka san kowa da gidan da ya fito. Zamanin En'e ya kawo asibitocin sha-ka-tafi da Asibitin Birni na Kano, wanda aka buɗe a shekarun 1920, yanzu kuma ake kiransa Asibitin Murtala Muhammad. Malamin asibiti yakan rubuta sunan mara lafiya a babban littafi, ya ba shi kati mai lamba. Lambar ba ta da amfani sai a wannan asibitin kaɗai.

Katin da uwa ke riƙewa ya samo asali ne daga aikin Dakta David Morley a Imesi-Ile, a ƙasar Yarabawa, wajen ƙarshen shekarun 1950. Ya bazu ƙwarai lokacin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yake ministan lafiya, daga 1985 zuwa 1992, aka ba kiwon lafiya a matakin farko muhimmanci. Da wannan tsari mara lafiya ya zama shi ne masinjan kansa. Mace takan naɗe katin awo a leda ta cusa shi cikin kwalla ko ƙarƙashin katifa. In ciwo ya fi ƙarfin asibitin ƙauye, sai a rubuta mata takardar turawa zuwa babban asibitin Ɗambatta ko na Bichi. Takardar tana da ɓangaren da ya kamata likita ya cika a mayar wa wanda ya turo, amma ba kasafai yake komawa ba.

Mutane da yawa suna danganta sauyin da ya biyo baya ga wayar salula ta GSM, wadda MTN da Econet suka fara a 2001. Ba shakka waya ta rage zirga-zirga, sai dai lambar waya ba ta nuna gida, kuma a ƙauye wayar takan kasance a aljihun maigida ko a shagon mai caji. Wasu kuma suna nuna manhajar DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ta ƙirƙira, gwamnatin Najeriya ta ɗauke ta a matsayin rumbun bayanan lafiya na ƙasa. Ita kuwa jimilla take ɗauka: yawan haihuwa, yawan masu zazzaɓin cizon sauro, yawan allurai. Ma'aikaci ya cika fam ɗin ƙarshen wata, ya hau babur ya kai sakatariya a shigar. Babu sunan kowa a ciki.

Hujja ta fi ƙarfi a kan cewa yaƙi da shan inna ne ya ba karkarar Kano adireshi. A 2003 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta dakatar da rigakafin saboda zargin da ake yi wa maganin, aka ci gaba a watan Yulin 2004. Bayan an shawo kan gardamar, sai wata matsala ta bayyana: akwai unguwannin da masu ɗigo ba sa zuwa sam. A wannan yanki gona tana haɗe da gona, gidaje sun warwatsu a tsakaninsu, kuma sunaye irin su Sabon Gari da Unguwar Fulani suna maimaituwa a gunduma bayan gunduma. Taswirar da ake aiki da ita a lokacin zanen hannu ce, kwatance kuwa bai wuce "bayan masallacin Juma'a, kusa da kuka" ba.

Daga 2012 aka kafa cibiyoyin ayyukan gaggawa na shan inna, aka zana taswirar unguwanni daga hotunan tauraron ɗan'adam, aka ba tawagogi wayoyi masu nuna inda suka taka. Ƙungiyar eHealth Africa, wadda aka kafa a 2009 take kuma da babban ofishi a Kano, ta taka rawa a wannan aiki. Da yamma akan duba allo a ga lungun da aka tsallake, washegari a koma. Alamar allin da ake yi a bangon gida ta zama tamkar lambar gida ta farko da ƙauyuka da dama suka gani. A 2012 ɗin ne kuma gwamnatin Kano ta ƙulla yarjejeniyar rigakafi da gidauniyar Gates da ta Ɗangote, daga baya aka kuma jawo masu unguwanni cikin rubuta sunayen jarirai. Shirin Kano Connect ya raba wa ma'aikatan lafiya wayoyi masu jerin lambobin juna da kira kyauta a tsakaninsu. A 2015 aka gwada manhajar SORMAS ta sa ido kan annoba a Kano da Oyo, a 2017 kuma aka samar da rijistar asibitoci ta ƙasa, wadda ke ba kowane asibiti lambarsa. Yaro na ƙarshe da ƙwayar shan inna ta daji ta kama a jihar an same shi ne a Sumaila a 2014.

Wannan asali shi ne kuma tushen gurguncewar tsarin. An gina shi ne don bayani ya hau sama, daga ƙauye zuwa Kano, daga Kano zuwa Abuja. Ba a gina shi don ya tsallaka daga malamar awo zuwa likita, ko ya sauko ga mara lafiya ba. Amurka ta fuskanci wannan giɓi a 2010 da shirin Direct, wanda ya ba likitoci da asibitoci adireshi mai tsaro irin na imel. A Ingila kowane mara lafiya yana da lambar NHS da ke binsa ko'ina. A Najeriya ana sa ran lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN ta cike gurbin, musamman tun da aka haɗa ta da layukan waya a Disambar 2020, amma layin da mace ke amsa kira da shi sau da yawa da sunan mijinta aka yi masa rijista. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 da Dokar Kare Bayanai ta 2023 sun wajabta sirri, don haka sakamakon gwaji da ya faɗa wayar da ba ta mai shi ba, ya saɓa wa doka, yana kuma iya tayar da ƙura a gida.

A yau unguwa tana da matsayi a taswira, asibiti yana da lamba, ma'aikaci yana da layi. Mara lafiya ne kaɗai ya rage ba shi da adireshin da ya keɓanta da shi. Duk shirin da ya fara da sayen kwamfutoci kafin warware wannan, zai ƙara wa ma'aikatan karkara aikin cike fam ne kawai, takardar turawa kuma ta ci gaba da tafiya a hannun mai jinya.