Kura, Garin Rini da Shinkafa, da Tsohuwar da Ta Raine Mu

Garin Kura yana kudu da birnin Kano, tafiyar kimanin kilomita 30 a kan hanyar Zariya, kuma shi ne hedikwatar ƙaramar hukumar Kura. Yau da an ambaci sunansa shinkafa ke zuwa wa mutum a rai, amma tun kafin shinkafar, rini ne ya kai sunan garin har cikin Sahara. Rawanin nan baƙi mai walƙiya da Buzayen Agadas ke naɗawa, a kasuwa "ɗan Kura" ake ce masa. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, da ya iso Kano a 1851, ya rubuta cewa rinannun tufafin ƙasar Kano suna kaiwa Timbuktu da Tarabulus.

Aikin turkuɗi, wato irin wannan rinannen tufafi mai walƙiya, hannu da yawa yake bi. Masaƙa su saƙa ƙyalle siriri, maɗinka su harhaɗa, marina su tsoma shi a karofi cikin ruwan baba da toka, sannan mabuga su zuba masa shuni su yi ta bugu har ya ɗau sheƙi. Amma a da, farkon aikin yana cikin gida, a hannun mata masu kaɗi, kuma kakarmu, wadda duk gida ke kira Iya, tana cikinsu.

Da hantsi, in ta gama da madafa, sai ta shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya. Ta gurje auduga ta fitar da angurya, ta shiɓe ta, ta dangwali alli da yatsa, ta murza mazari. Zarenta arafiya ne, siriri mai ƙwari, masaƙa har aike suke yi a ajiye musu. Kuɗin bai taɓa kwana a kanta ba. Da shi ta tara wa 'ya'yanta mata kwanukan aure, da shi take biya mana kuɗin Laraba a makarantar allo. Jikan da aka yaye ɗakinta ake kai shi, marayan dangi ma nan yake sauka, kuma ba ta taɓa bambanta mu a akushi ba.

Garin ya sauya a kan idonta. Yadin masana'anta ya cika kasuwa, zaren hannu ya ja baya, karofi da dama suka bushe. A 1974 aka kammala madatsar ruwa ta Tiga, aikin da gwamnatin Audu Bako ta ɗauko, ruwa ya biyo magudanai zuwa gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam. Gonar da a da sai damina ake nomawa ta koma ba da shinkafa da alkama da tumatir da albasa har da rani. Injinan casa suka shigo, manyan motoci suka fara lodi, mutanen garin Karfi suka jera kayan lambu a bakin titi.

Iya ba ta zauna jimamin mazari ba. Ta kafa tukunya ta shiga turara shinkafa kamar sauran matan gari: ta jiƙa, ta turara, ta shanya, ta aika inji. Ribar nan ma gida ta koma, wajen maganin mara lafiya, da goron zumunci, da ɗinkin Sallar jikoki. In 'yan uwa suka saɓa, ita ke ɗaukar sandarta ta taka har ƙofar kowa, ba ta dawowa sai sun gaisa.

Masu rubuta tarihin Kura sukan lissafa fatake da marina da manyan manoma, kuma sun cancanta. Sai dai zaren da aka rina da shinkafar da aka casa duk sun fara bi ta hannun mata irin Iya, waɗanda ba a rubuta sunansu a ko'ina ba. Duk ɗan garin da tsohuwarsa ke raye, ya zauna da ita ya ɗauki labarinta tun da sauran lokaci. Allah Ya jiƙan Iya, Ya kai haske kabarinta, Ya albarkaci garin Kura da mutanensa.