Harsashin injin iska a cikin teku

Harsashin injin iska a cikin teku shi ne ginin ƙarfe ko kankare da ake kafawa a ƙasan teku domin ya riƙe babbar fankar da ke samar da lantarki daga iska. Nauyin injin ba shi ne babbar matsalar maginansa ba. Abin da ya fi wahala shi ne turin da iska da igiyar ruwa ke yi masa daga gefe, dare da rana, har shekara 25 ko fiye. Zurfin ruwa da irin ƙasar da ke ƙarƙashinsa su ke nuna irin harsashin da za a yi, shi ya sa ake fara haƙa ƙasan tekun a ɗebo yashi, yumɓu ko dutse a gwada ƙarfinsu.

Tarihi

Tashar farko ita ce Vindeby ta ƙasar Denmak, wadda ta fara aiki a 1991 da injuna 11, kowanne mai kilowat 450. An ɗora su kan manyan tubalan kankare a ruwa marar zurfi, an kuma kwance tashar a 2017. A 2002 Denmak ta buɗe Horns Rev a Tekun Arewa, mai injuna 80 da ke ba da megawat 160, duka a kan turakun ƙarfe.

Ire-irensa

Turke ɗaya shi ne mafi yawa, domin kusan huɗu cikin biyar na injunan da ke tekunan Turai a kansa suke. Bututun ƙarfe ne guda da ake bugawa cikin ƙasa da ƙatuwar guduma daga kan jirgin ruwa. Na Horns Rev faɗinsu mita 4 ne, amma na yanzu suna kaiwa mita 8 zuwa 10, nauyinsu ya haura tan 1,000. Sauƙin ƙira ne ya sa ya yi kasuwa, ba don ya fi sauran ƙarfi ba. Wajen 2009 aka gano cewa simintin da ke haɗa turken da bututun samansa yana sulluɓewa a tashoshi da dama, abin da ya jawo gyara mai tsada da sauya ƙa'idar ƙira.

Mai zama da nauyinsa ba a buga shi, ajiye shi ake yi bayan an daidaita ƙasa da tsakuwa. Tashar Fécamp ta Faransa tana da irinsa 71.

Idan ruwa ya yi zurfi, sai a koma ga mai ƙafafu uku ko huɗu, wanda ya yi kama da turakun babban layin wuta, kuma daga masu haƙar mai aka gaji ƙirarsa. A tashar Seagreen ta Sikotland an kafa ɗaya a zurfin sama da mita 58. Ƙafafunsa kamar bokiti ne da aka kife: ana zuƙe ruwan ciki, sai matsin teku ya cusa shi cikin ƙasa ba tare da guduma ba.

Bayan wajen mita 60 kafa harsashi yana yin tsada ƙwarai, don haka ake barin injin ya yi iyo, a ɗaure shi da sarƙoƙi zuwa anka. Hywind Scotland, mai injuna 5 da megawat 30, ta fara aiki a 2017 a ruwa mai zurfin kimanin mita 100.

Zaizaya da ƙara

Ruwa mai gudu idan ya ci karo da turke yakan yi juyi a gindinsa ya kwashe yashi, ya bar rami. Haka ruwan damina ke cin gindin ƙafar gada a koguna masu yashi irin Gulbin Zamfara da ke ratsa ƙasar Gummi, sai dai a teku ruwan yana kai da komo kullum. Ramin kan iya wuce faɗin turken a zurfi, kuma duk yashin da ya tafi yana rage abin da ke riƙe da injin. Maganin da aka saba shi ne a zuba ƙananan duwatsu kewaye da gindin, a danne su da manya.

Bugun turke kuma yana da ƙara mai cutar da kunnen dabbobin teku. Jamus ta iyakance ta a desibel 160 a nisan mita 750, kuma ana rage ta da bututun da ke sakin kumfar iska kewaye da wurin aikin.

A Najeriya

Najeriya ba ta da tashar iska a teku. Ta Lambar Rimi a jihar Katsina, mai injuna 37 da aka tsara su ba da megawat 10, a kan tudu take. Amma aikin ƙasan teku ba baƙo ba ne a ƙasar: an daɗe ana kafa dandamalin mai masu ƙafafu a gaɓar Neja Delta, kuma jirgin rijiyar Bonga, wanda ya fara fitar da mai a 2005, yana ɗaure ne a ruwa mai zurfin fiye da mita 1,000.