Jif 'yar Kwatano: Abubuwan dubawa kafin saye da bayan saye

A kasuwar motoci ta Arewa, idan aka ce mota 'yar Kwatano ce ko Beljiyam, ana nufin wadda aka yi amfani da ita a Turai ko Amurka kafin a sauke ta a tashar jiragen ruwa. Ƙaramar Hukumar Bagudo a Jihar Kebbi tana iyaka da Jamhuriyar Benin ta wajen Tsamiya da Lolo, don haka 'yan kasuwa da ma'aikatan yankin sun daɗe da sanin irin waɗannan motoci. Da yawansu sun fi son jif, irin su Toyota Highlander da RAV4 da Honda Pilot da Lexus RX, saboda tsayinta daga ƙasa yana taimakawa a hanyoyin karkara da na fadamar Kogin Kwara idan damina ta sauka. Sai dai jif da ta yi doguwar tafiya tana iya cinye jarin mai ita idan ba a bincike ta ba.

Takardu kafin injin

Tun daga ranar 1 ga Janairu, 2017 dokar Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa ta fara aiki. Motar da ba a biya mata kuɗin fito ba, jami'an Kwastam suna iya kama ta a kan hanya ko da ta wuce hannu uku. Saboda haka ya kamata mai saye ya tantance takardun a ofishin Kwastam kafin ya biya ko sisi. Sannan ya gwada lambar shasi, mai haruffa da alƙaluma 17, wadda ke ƙasan gilashin gaba da jikin ƙofar direba, ya ga ta yi daidai da ta takarda. Da wannan lamba ana iya gano tarihin yawancin motocin Amurka a intanet, har da haɗari ko ambaliyar da suka taɓa shiga.

Abin da mita ke faɗa

Motocin Amurka da mil suke ƙirga tafiya, kuma mil ɗaya kusan kilomita 1.6 ne. Motar da ta nuna mil 150,000 ta haura kilomita 240,000 ke nan. Akwai kuma masu mayar da mita baya. Sitiyarin da ya goge, da robar birki da ta cinye, da kujerar direba da ta lotsa sukan tona asirin mitar da aka taɓa.

Injin da giya

An fi gane lafiyar injin da safe, kafin ya yi zafi. Shuɗin hayaƙi daga salansa alama ce ta injin yana shan baƙin mai, matsalar da aka san injin lita 2.4 na RAV4 ta 2006 zuwa 2008 da ita. Farin hayaƙi mai kauri, ko baƙin mai da ya koma kamar shayi da madara, yana nuna gaskit ya ƙone. Honda Pilot da tsofaffin Highlander da RX300 masu silinda shida suna amfani da bel ɗin taimin, wanda ake sauyawa a kusan mil 90,000 zuwa 105,000; idan ya tsinke a Pilot yana iya lalata injin. Man giya kuwa, idan ya yi baƙi yana warin ƙuna, ko motar tana fizga wajen sauya giya, to gyara mai tsada ne ke tafe.

Ƙarƙashin mota

A arewacin Amurka da Kanada ana zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, shi ya sa tsatsa ke cin ƙarfen ƙarƙashin motocinsu. Dole a hau da motar kan rami a duba, tare da shokozoba da bushin da robobin ƙafa. Laka a ƙarƙashin kafet da warin rima alamun ambaliya ne, kuma irin wannan mota ba ta rabuwa da matsalar waya. A jikin kowace taya akwai alƙaluma huɗu: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Jif mai jan ƙafa huɗu tana buƙatar tayoyi masu girma ɗaya, in ba haka ba giyarta ce za ta wahala.

Bayan an saya

Abin da ya fi dacewa shi ne a sauya baƙin mai da filtocinsa da man birki nan take, tunda ba a san ranar da aka yi na ƙarshe ba. Ƙurar hunturu tana toshe filtar iska da wuri. Zafin bazara kuma yana gwada lagireto, don haka a riƙa zuba masa ruwan sanyaya injin na asali maimakon ruwan rijiya, wanda ke haddasa tsatsa. Wasu kanikawa sukan cire na'urar daidaita zafin injin da sunan maganin zafi, alhali hakan yana ƙara shan mai. Man bumburutu da ake sayarwa a galan a garuruwan iyaka yakan zo da ruwa ko datti, ya kashe famfon mai.

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Kuɗin da za a ba amintaccen makaniki, wanda ba na dillali ba, ya duba mota da kwamfuta kafin ciniki, bai kai ko kusa da kuɗin sauke giya ɗaya ba.