Kitse daga Fumfuna da Dusar Damargu

A Hausarmu kalmar fumfuna ba ta zuwa da alheri. In ta kama hatsi a rumbu, an yi asara. A 1960 ma, gubar fumfunar gyaɗa ta kashe talo-talo sama da 100,000 a Ingila. To amma wannan halitta tana da wani tarihi da ba mu saba ji ba.

Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, da aka toshe wa Jamus hanyoyin teku, mai da kitse suka yi wuya. Masani Paul Lindner a Balin ya shiga gwajin samun kitse daga yis, ɗan uwan fumfuna, amma yaƙin ya ƙare kafin aikin ya kankama. A 1985 kamfanin Sturge na Ingila ya fara tatsar mai daga fumfunar Mucor, mai ɗauke da sinadarin kitse na GLA. Zuwa 1990 an daina, don man tsirrai ya fi shi araha. Shi ya sa masana suka koma neman abincin fumfuna mai rahusa: dusa, kara, ɓawon hatsi.

Nan ne zancen ya iso gida. Damargu tun da can rumbun gero ce, Buzaye na ɗaukar hatsinta zuwa Abzin. Mun kuma san ƙarancin maiƙo: a yunwar 2005 yara da dama a jihar Damagaram da Plumpy'Nut, haɗin gyaɗa, madara da mai, aka ceto su. Ke nan wannan bincike ya shafe mu.

Sai dai ni ɗalibin harshe ne, kalmomi nake bi. Takardun binciken suna kiran waɗannan abubuwa shara. A Tanut ko Balbaji wa ke zubar da dusa? Ai ita ce ke riƙe akuya da rani. Karan gero shi ne darni, shi ne makamashi, shi ne abincin shanu. Kowane yana da sunansa don yana da aikinsa.

Ranar da aka zo da masana'antar nan Damargu, ina roƙon mu fara tambaya: buhun dusar da za a ba fumfuna, daga bakin dabbar wa za a cire shi, kuma wa zai sha man?