Daga Allura Zuwa Na'ura: Tarihin Maganin Ciwon Sukari

Ka san ƙasarmu ta Kance da Matamaye ƙasar rake ce. Shi ya sa in ciwon sukari ya kama yaro, sai wasu su ce shan rake ne ya jawo. Ba haka ba ne.

A cikin cikin mutum, bayan tumbi, akwai wata 'yar tsoka mai fid da wani ruwa. Sunan ruwan insulin. Shi ke sa sukarin abinci ya bar jini ya shiga jiki, ya zama ƙarfi. In tsokar ta daina aiki, sai sukari ya taru a jini. Yaro ya yi ta jin ƙishirwa, ya yi ta fitsari, yana ci yana ramewa.

A zamanin da, duk yaron da wannan ciwo ya kama ba ya daɗewa, ko a ƙasar Turawa. Sai a 1921 wasu mutum biyu, Banting da Best, suka tatso insulin daga jikin karnuka, a birnin Toranto na ƙasar Kanada. A watan Janairu na 1922 aka yi wa wani yaro ɗan shekara 14, Leonard Thompson, allurar farko. Ya tashi, ya ƙara shekara 13 a duniya.

To, amma da sauran aiki. Allurar kullum ce, kuma sai an auna. In ta yi kaɗan sukari ya hau. In ta yi yawa sukari ya faɗi, mutum ya suma, har ma cikin barci.

Sai masana suka shiga neman na'urar da za ta yi awon da kanta. Wajen 1963 wani likita a Amurka, Arnold Kadish, ya ƙera ta farko. Don girmanta, goya ta ake yi a baya. Aka yi ta gyara, har a 2016 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wata ƙarama, MiniMed 670G, mai shiga aljihu.

Ga yadda take aiki. Ana liƙa wani ɗan ma'auni a fata. Kowane minti 5 yana gaya wa na'urar yawan sukari. Ita kuma ta ƙara insulin ko ta rage, kamar mai ban ruwa a garka, yana buɗe hanya yana toshewa. Amma in za a ci abinci, sai mai ita ya sanar da ita.

Na'urar nan tana da tsada, ta fi ƙarfin talaka. Sai dai ka tuna, allura ce ta ceci Leonard, ba na'ura ba. In ka ga ɗanka da alamun nan, ko ka ga tururuwa na taruwa a fitsarinsa, kada ka jira. Kai shi likita a Matamaye ko Damagaram a auna jininsa. In an ɗora shi kan allura, kada a daina ko da ya ji sauƙi.