Sake loda saitin uwar garke da yadda ake bayyana shi ga wakilan ƙirƙirarriyar basira

Uwar garke ita ce kwamfutar da ke riƙe da shafin intanet, tana amsa wa duk wanda ya nemi buɗe shi. Manhajar da ke gudanar da ita tana bin ƙa'idojin da aka rubuta cikin fayil ɗin saiti, kamar sunan shafi da takardar shaidar tsaro. Idan aka gyara wannan fayil, manhajar ba ta ɗaukar gyaran sai an umarce ta. Hanyoyin umarnin biyu ne: a kashe ta a sake kunnawa, ko kuma a sa ta sake loda saitin tana cikin aiki.

Bambancin yana da muhimmanci. Kashewa da kunnawa na katse duk wanda ke tsakiyar tura kuɗi ko sauke takarda a wannan lokaci. Sake lodawa kuwa, idan aka yi shi daidai, ba ya katse kowa.

Yadda abin yake a manyan manhajoji

Nginx, wadda Igor Sysoev ɗan ƙasar Rasha ya fitar a shekarar 2004, tana da babban sashe guda mai kula da ƙananan sassa masu amsa baƙi. Idan aka ba ta umarnin nginx -s reload, babban sashen yakan fara duba ko sabon saitin ba shi da kuskure. In akwai kuskure, sai ta ci gaba da tsohon saiti. In babu, sai ta tada sababbin sassa, tsofaffin su gama da baƙin da ke hannunsu sannan su rufe. Masu aikin kan fara da nginx -t domin gwada fayil ɗin tukuna.

A ƙarƙashin wannan umarni akwai sigina mai suna SIGHUP, mai lamba 1, wadda asalinta a tsarin Unix alama ce ta katsewar layin waya. Sai dai ba kowace manhaja ke fassara ta iri ɗaya ba. A Apache, wadda ta fito a 1995, SIGHUP na rufe ƙananan sassan nan take, buƙatun da ake cikin amsawa su yanke. Mai son sauyi cikin lumana sai ya yi amfani da apachectl graceful. A ma'ajiyar bayanai ta PostgreSQL kuma, sake lodawa na ɗaukar yawancin gyare-gyare, amma wasu, kamar shared_buffers, sai an kashe an kunna.

Inda wakilan ƙirƙirarriyar basira suka shigo

A yau ana ba manhajojin ƙirƙirarriyar basira damar yin irin waɗannan ayyuka da kansu. A watan Nuwamba na 2024 kamfanin Anthropic na Amurka ya fitar da tsarin MCP, wanda a cikinsa kowane kayan aiki ke da suna, da bayani a rubuce, da jerin abubuwan da yake buƙata. Wakilin ba ya ganin abin da ke cikin kayan aikin. Bayanin kawai yake karantawa, a kansa yake yanke shawara. Bayanin da ya tsaya ga “yana sabunta uwar garke” zai iya sa wakili ya katse dubban mutane alhali gyaran suna kawai aka nema.

Ma'aunin bayani mai kyau

Ana auna bayanin kayan aiki da tambayoyi kamar haka:

Ya faɗi manhajar da yake taɓawa, da ko lodawa yake yi ko kashewa da kunnawa?

Ya faɗi abin da zai sami waɗanda ke kan shafin a lokacin?

Ya faɗi ko yana gwada saitin kafin ya aiwatar, da saƙon da zai dawo da shi idan gwajin ya faɗi?

Ya faɗi gyare-gyaren da ba zai iya ɗauka ba, da kayan aikin da ya kamata a koma gare shi?

Ya faɗi ko maimaita umarnin sau biyu na da illa?

Tun daga sigar Maris ta 2025, MCP ya tanadi alamomin da ke nuna ko kayan aiki karatu kawai yake yi ko yana iya ɓata wani abu. Amma ƙa'idar da kanta ta ce kada a dogara da waɗannan alamomi sai daga tushen da aka amince da shi, domin wanda ya rubuta kayan aikin ne ya sa su. A watan Afrilu na 2025 masu bincike na Invariant Labs sun nuna yadda ake ɓoye mugun umarni cikin bayanin kayan aiki, wakili ya bi shi mai shi bai sani ba.

Saboda haka masu kula da shafuka kan karanta bayanin da idonsu, su gwada shi a uwar garken gwaji, kuma su bar izinin kashewa da kunnawa a hannun mutum.